Ruwan Gari a Hamada: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Haƙa Sabuwar Rijiya

Duk garin da ke cikin hamada, idan famfo ya fara fitar da iska maimakon ruwa, maganar farko da ke fitowa daga bakin jama'a ita ce a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse. Wani lokaci hakan daidai ne. Sau da yawa kuma kuɗin na tafiya, ƙishirwa na nan. Ga tambayoyin da aka fi yi a irin wannan zama, da amsoshinsu.

Ruwa ya yi ƙaranci. Me zai hana a haƙa wata rijiyar kawai a huta?

Domin rijiya ba ta ƙirƙirar ruwa. Hanya ce kawai ta isa ga ruwan da ke kwance a cikin yashi, tsakuwa ko tsagar dutse a ƙarƙashin ƙasa. Idan sabuwar rijiyar za ta sha daga ma'ajiyar da tsofaffin suke sha, to kamar an ƙara moɗa ce a randa ɗaya: ɗiba zai yi sauri, amma abin da ke cikin randar bai ƙaru ba.

Saboda haka kafin a kira mai injin haƙa, sai a san wace irin matsala ake ciki. Ko dai ruwan ƙarƙashin ƙasar ne yake ja da baya, ko rijiyar da ake da ita ce ta toshe ko injinta ya gaji, ko kuma ruwan yana fitowa lafiya amma yana zubewa a hanya kafin ya isa gidaje. A bakin famfo duk kamarsu ɗaya, amma maganinsu daban-daban, kuma biyu daga cikinsu sun fi sabuwar rijiya sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Wurin da ruwan sama ba ya sauka sosai, daga ina ruwan ƙarƙashin ƙasa yake zuwa?

Iri biyu ne, kuma sanin wanda gari yake zaune a kansa shi ne tushen komai.

Na farko shi ne wanda ake mayar da gurbinsa. Idan aka yi ruwa a kan duwatsu, kwari ya kawo, wani kaso yana nutsewa cikin yashin kwarin ya gangara ƙasa. A busassun yankuna wannan kason ƙanƙane ne, galibi bai kai kashi 5 cikin 100 na ruwan da ya sauka ba, sauran rana da iska da tsirrai ke shanyewa. Kuma ba kowace shekara yake zuwa ba. Ana iya yin shekaru da dama babu wani abin kirki, sannan ambaliya guda ta cika abin da aka rasa.

Na biyu tsohon ruwa ne, wanda ya taru tun zamanin da hamadar take da dausayi, dubban shekaru da suka wuce. Babban misalinsa shi ne ma'ajiyar dutsen yashi ta Nubiya, wadda take shimfiɗe ƙarƙashin Masar, Libiya, Sudan da Chadi. Daga cikinta Libiya take jan ruwa zuwa biranen bakin teku ta babban aikin bututun da aka fara a 1984. Irin wannan ruwa abin da aka ɗiba ya tafi ke nan, a ma'aunin rayuwar ɗan Adam. Saudiyya ta ɗanɗana haka: ta noma alkama da tsohon ruwa har ta riƙa sayarwa ƙasashen waje, sannan a 2008 ta yanke shawarar janye hannu daga shirin a hankali saboda yadda ruwan yake ƙarewa.

Ana gane shekarun ruwa ta gwajin sinadaran da ke cikinsa a ɗakin bincike. Gwaji ne da ya cancanci kuɗinsa.

To idan tsohon ruwa ne, kada a taɓa shi ke nan?

A'a. Gari ba zai mutu da ƙishirwa yana zaune a kan ruwa ba. Abin da ake nema shi ne a sha da sani: a ƙiyasta shekarun da zai ɗauka, a fifita shan mutane a kan abin da za a iya samu daga wani wuri, kuma a yi amfani da shekarun wajen shirya abin da zai biyo baya. Jihar Arizona ta Amurka ta kafa dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa a 1980, kuma a yankunan da dokar ta shafa, mai son yanka sababbin filayen gidaje sai ya nuna cewa akwai ruwan da zai wadatar har shekara 100. A 2023 hukumomin jihar suka dakatar da ba da sababbin takardun shaida ga unguwannin da za su dogara da ruwan rijiya a kewayen birnin Phoenix, domin lissafi ya nuna ba zai kai ba. Dokar tana da nata raunin, amma tambayar da take tilasta wa mutane yi ita ce ta gaskiya.

Ta yaya za a bambance matsalar rijiya da matsalar ma'ajiyar ruwan?

Da igiyar awo da littafi. Ana auna zurfin ruwa a rijiya sau biyu: lokacin da injin yake kashe ruwan ya huta, da lokacin da yake aiki. Sannan a rubuta yawan ruwan da ke fitowa.

Idan zurfin ruwan da ya huta bai canja ba daga shekara zuwa shekara, amma da zarar an kunna inji sai ruwan ya faɗi ƙasa fiye da da, to rijiyar ce ba ta da lafiya. Wataƙila ramukan rariyarta, wato sashen bututun da ruwa ke shiga ta cikinsa, sun toshe da tsatsa, ko farin ƙasa, ko yauƙin ƙwayoyin da ke rayuwa a kan sinadarin ƙarfe. Ana zura kyamara a gani, a wanke da burushi, iska mai ƙarfi ko sinadari. Idan kuma zurfin ruwan da ya huta bai canja ba, faɗuwarsa lokacin da inji ke aiki ba ta kai ta da ba, kuma ruwan da ke fitowa ya ragu, a ciro injin a duba, yashi kan cinye fukafukansa.

Amma idan zurfin ruwan da ya huta yana ƙaruwa kowace shekara, kuma haka yake a duk rijiyoyin yankin, to ana ɗiba fiye da abin da ke shiga. Nan sabuwar rijiya a wuri ɗaya ba za ta yi komai ba sai gaggauta saukar.

Abin baƙin ciki shi ne garuruwa da yawa ba su da wannan littafin. Ana kashe maƙudan kuɗi a haƙa, ba a ware ɗan abin da zai sa mutum ɗaya ya riƙa zagayawa yana awo sau ɗaya a wata. Garin da bai fara ba, ya fara a wannan watan, ko za a haƙa ko ba za a haƙa ba.

Ruwa nawa gari yake buƙata?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana ga kowane mutum a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi sha, girki da ɗan tsafta. Wajen lita 50 ne ake samun wanki da wanka ba tare da takura ba, lita 100 kuma wadata ce ga gidan da ke da famfo a ciki. A kan wannan sai a ɗora asibiti, makarantu, kasuwa da dabbobi, kuma a yi lissafin da watan da ya fi zafi, ba da matsakaicin shekara ba.

A tuna kuma cewa shan mutane ba shi ne babban mai cin ruwa ba. A duniya baki ɗaya noman rani da sauran ayyukan gona suna ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba. Gonaki kaɗan masu manyan injuna a gefen gari suna iya jan abin da ya fi na dukan gidajen garin.

Ana yawan maganar yoyo. Shin yoyon bututu zai iya kai girman rijiya guda?

Sosai. A garuruwa masu tsofaffin bututu ba abin mamaki ba ne a tarar kashi 1 cikin 3 na ruwan da aka tura bai isa hannun mai biya ba. Ga misali na lissafi: a ce gari yana tura kubik mita 1,500 a rana (kubik mita ɗaya lita 1,000 ne), 500 na ɓacewa. Rijiyar da ke ba da lita 10 a daƙiƙa, tana aiki awa 16, tana fitar da kubik mita 576. Wato ruwan da ke zubewa ya kusa kai na sabuwar rijiya, kuma ruwa ne da an riga an biya kuɗin ciro shi da tace shi.

A ƙasa mai yashi yoyo ba ya fitowa fili, nutsewa yake yi, shi ya sa ake shekaru ba a lura ba. Hanyar kama shi ita ce a sa na'urar awo a bakin kowace rijiya da bakin tanki, a duba yawan ruwan da ke fita tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare lokacin da kusan kowa yana barci. Abin da ke gudu a wannan lokacin yawancinsa yoyo ne. Sai a riƙa rufe unguwa-unguwa ana kallon inda adadin ya faɗi. Rage ƙarfin turin ruwa da dare ma yana rage asarar nan take. Ba za a taɓa toshe yoyo duka ba, amma rabinsa ma riba ce babba.

Yaushe ne sabuwar rijiya take zama shawara mai kyau?

Akwai lokutan da jinkirta ta ma kuskure ne. Garin da ya rataya a kan rijiya ɗaya tak yana cikin haɗari: ranar da injin ya ƙone ko bututun cikinta ya ruɓe, babu ruwa sai na motocin tanka. Irin wannan gari yana buƙatar ta biyu, ko da ba za a ƙara yawan ɗiba ba. Haka idan tsohuwar ta lalace har gyara ba zai yi ba, ko ruwanta ya gurɓata. Haka idan rijiyoyin sun cunkushe wuri ɗaya suna janye wa juna ruwa, a nan raba ɗiban zuwa wuri mai nisa yana sauƙaƙa wa kowacce. Mafi kyau duka shi ne idan bincike ya nuna wata ma'ajiya dabam wadda ba ta haɗe da ta yanzu.

A duk waɗannan, a rubuta tun farko iyakar abin da za a ɗiba a shekara daga rijiyoyin gaba ɗaya. Rijiyar da aka haƙa don ko-ta-kwana tana da halin zama ta kullum cikin wata biyu idan babu wanda ya tsaya a kai.

Masu na'urar binciken ƙasa sun ce akwai ruwa a wuri kaza. A yarda?

A saurare su, amma a san iyakar na'urar. Wadda aka fi amfani da ita tana tura lantarki cikin ƙasa ta auna yadda yake ratsawa. Ba ta ganin ruwa kai tsaye, kuma yumɓu mai danshi yana iya ba da alama mai kama da ta yashi mai ruwan zartsi. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne a haɗa ta da taswirar duwatsun yankin da bayanan rijiyoyin da aka taɓa haƙawa, har da waɗanda ba a samu ruwa ba. Hujja ta ƙarshe ita ce siririyar rijiyar gwaji. Duk wanda ya ba da tabbacin yawan ruwa kafin a huda ƙasa, yana faɗin abin da ba shi da hanyar sani.

Mene ne gwajin jan ruwa, kuma me ya sa ake nacewa a kansa?

Ruwan da ke feshi sama ranar da aka gama haƙa, wanda ake ɗauka a hoto, ba ya nuna ƙarfin rijiya. Iskar injin haƙa ce ke tunkuɗo shi.

Gwajin gaskiya mataki uku ne. Da farko a ja ruwa da ƙarfi daban-daban, ana ƙarawa mataki-mataki, don a ga yadda rijiyar kanta take ɗaukar nauyi. Sannan a ja da ƙarfi ɗaya ba tsayawa, awa 24 zuwa 72, wani lokaci fiye, ana auna saukar ruwan a cikinta da kuma a rijiyoyin da ke kusa. Daga nan a kashe inji a auna yadda ruwan yake dawowa. Lissafin da ake fassara waɗannan alƙaluma da shi ya samo asali ne daga aikin da masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa Charles Theis ya yi a 1935, kuma har yau da shi ake aiki.

Yayin da ake ja, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana lotsawa kewaye da rijiyar, lotsawar tana faɗaɗa da tsawon lokaci. Idan ta ci karo da dutsen da ruwa ba ya ratsawa, sai saukar ta ƙara sauri kwatsam. Gwajin awa 4 ba zai nuna wannan ba, shi ya sa rijiyoyi da yawa suke yin kyau a makon farko su kasa a rani na farko. Bayan gwaji, a sayi injin da bai kai iyakar ƙarfin rijiyar ba. Babban inji a ƙaramar rijiya yana jawo yashi, yana shan iska, yana ƙonewa.

Idan aka zurfafa sosai, ba an fi samun ruwa mai tsabta ba?

Ta fuskar ƙwayoyin cuta, galibi haka ne. Ta fuskar sinadarai kuwa sau da yawa akasin haka ake gani, domin ruwan da ya daɗe cikin dutse yana narkar da abin da ke jikinsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a lita, naitiret miligiram 50, asinik kuma maikrogiram 10. Yawan fuloraid yana ɓata haƙoran yara, idan ya tsananta ya taɓa ƙashi. Naitiret, wanda yakan fito daga masai da takin zamani, haɗari ne ga jarirai. Asinik ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano. Abin da ya faru a Bangaladesh, inda aka haƙa miliyoyin rijiyoyi don tsere wa gurɓataccen ruwan tafki sannan aka gano asinik a cikin da yawansu, ya isa ya sa kowa ya yi gwaji kafin ya buɗe famfo. A Jodan, ruwan ma'ajiyar Disi da aka fara kaiwa Amman, babban birnin ƙasar, a 2013 yana ɗauke da sinadarin radiyom mai cutarwa, sai an gauraya shi da wani ruwan.

Sai gishiri. Idan narkakkun ma'adinai suka haura miligiram 1,000 a lita, mutane sukan fara ƙin ruwan. A wurare da dama ruwan daɗi yana kwance ne a kan ruwan zartsi, kuma jan da ya yi yawa yana tsotso na ƙasan zuwa sama. Da zarar zartsi ya shiga rijiya, fitar da shi aiki ne na shekaru, in ma ya yiwu.

A nisanta rijiya da masai da juji aƙalla mita 30, fiye da haka a ƙasa mai tsagaggen dutse, kuma a liƙe saman ramin da siminti yadda ƙazantar sama ba za ta bi bayan bututu ta gangara ba.

Sabuwar rijiyar za ta iya cutar da wasu?

Za ta iya, kuma waɗanda suka fi rauni ne suke fara ji. Rijiyoyin hannu marasa zurfi su ne ke fara ƙafewa, sai idanun ruwa, sai itatuwan da saiwarsu ke kaiwa ga ruwan. Dausayin Azraq da ke gabashin Jodan ya shekara dubbai yana shayar da ayari da tsuntsaye masu ƙaura. Aka riƙa jan ruwansa zuwa birane da gonaki, zuwa 1992 idanun ruwansa suka ƙafe. A Iran ma, tsofaffin hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira kanat, waɗanda ke kawo ruwa daga gindin dutse ba tare da inji ba, da yawansu sun bushe bayan rijiyoyin inji sun saukar da ruwan ƙasa da bakinsu. Kanat ba ya iya ɗibar fiye da abin da ƙasa ta ba shi. Injin burtsatse ba shi da wannan birkin, dole mutane su sa masa.

Don haka a ƙirga duk rijiyoyi da idanun ruwan da ke kewaye, a auna su kafin a fara, a kuma amince a rubuce kan abin da za a yi wa wanda tasa ta ƙafe.

Da gaske ne ƙasa tana nutsewa saboda jan ruwa?

Da gaske ne, inda akwai kaurin yumɓu a ƙarƙashi, domin idan aka janye ruwan yumɓun yana matsewa. A kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya ta Amurka wani wuri ya nutse sama da mita 8 tsakanin 1925 da 1977. Yumɓun da ya matse ba ya sake buɗewa, wato wurin ajiyar ruwan ya ragu har abada.

Injin sola ba zai warware matsalar kuɗin aiki ba?

Zai rage ta ƙwarai, kuma a hamada rana ba ta yankewa. Ɗaga kubik mita ɗaya na ruwa zuwa tsayin mita 100 yana cin kusan rabin kilowat-awa idan aka haɗa da asarar inji, saboda haka duk mitar da ruwa ya sauka ƙarin kuɗi ne na dindindin ga mai amfani da dizal. Sai dai tsadar man ita ce take sa a kashe inji. Idan jan ruwa ya zama kamar kyauta, babu abin da zai tsayar da shi sai doka da na'urar awo. A haɗa sola da tanki mai ɗaukar ruwan dare da na ranar hazo, da na'urar da ke kashe inji idan tanki ya cika ko ruwan rijiya ya yi ƙasa.

Ban da rijiya, akwai wata hanya?

Akwai, kuma garuruwan hamada da suka daɗe da rai sun haɗa hanyoyi da yawa ne. Windhoek, babban birnin Namibiya, tun 1968 yake tace ruwan da aka yi amfani da shi ya mayar da shi na sha, kuma yana zuba ruwa a ma'ajiyarsa ta ƙarƙashin ƙasa a shekarun wadata don ya ɗiba a shekarun fari. Tucson a Arizona yana malala ruwan kogin Kolorado a manyan filaye ya nutse, sannan ya ciro shi ta rijiyoyi. Hikimar a nan ita ce ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa rana ba ta shan sa, alhali buɗaɗɗen dam a hamada yana iya rasa zurfin mita 2 ko fiye a shekara.

Ƙaramin gari ba zai iya gina irin masana'antar Windhoek ba, amma zai iya gina ƙananan shingaye a kwari don ambaliya ta tsaya ta nutse, ya kuma ba itatuwa da lambuna ruwan wanka da wanki da aka tace maimakon na sha. Cire gishiri daga ruwan zartsi ma yana yiwuwa, sai dai yana cin wuta, yana son ƙwararru, kuma garin da ba ya bakin teku sai ya nemi inda zai zubar da ragowar ruwan mai tsananin gishiri ba tare da ya koma cikin ma'ajiyar ba.

Sa wa gidaje mitar awon ruwa da ƙarin kuɗin ruwa ba zaluntar talaka ba ne?

Ya danganta da yadda aka tsara. Inda kowa ke biyan kuɗi ɗaya, mai ɗaki ɗaya yana tallafa wa mai lambu da wurin ninkaya ne. Tsarin da ya fi adalci shi ne kason farko, wanda ya ishi sha da tsafta, ya zama da rahusa sosai, abin da ya haura kuma farashinsa ya riƙa hawa. A lura da gidajen da iyalai da yawa ke shan famfo ɗaya, kada yawansu ya jefa su cikin kaso mai tsada. Kuma talakan da famfo bai kai unguwarsa ba shi ne ya fi kowa biyan ruwa da tsada, wajen masu sayarwa. Kuɗin da aka tara dole ya ishi gyara da sayen sabon inji idan lokacinsa ya yi, in ba haka ba sabuwar rijiyar za ta bi sahun tsofaffin.

Idan an yanke shawarar haƙawa, me za a sa a yarjejeniyar ɗan kwangila?

A bayyana wanda zai ɗauki asara idan ramin ya fito babu ruwa. Idan aka ce ba a biya sai an samu ruwa, mai haƙa zai so ya tsaya a ruwan farko da ya tarar ko da ba shi da ƙarfi. Idan kuma ana biya da yawan mitar da aka haƙa, zai so ya yi ta zurfafawa. Maganin duka biyun shi ne masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda gari ne ke biyansa, yana tsaye a wurin daga farko har ƙarshe, shi ke cewa a tsaya ko a ci gaba.

A rubuta irin bututu da kaurinsa, inda za a sa rariya, irin tsakuwar da za a zuba kewaye da ita, tsawon liƙin siminti, da cewa za a wanke rijiyar har ruwa ya fito babu yashi. A sa siririn bututun da igiyar awo za ta riƙa bi, da na'urar awo a bakin rijiyar. Kada a biya kason ƙarshe sai an miƙa bayanin kowane irin ƙasa da aka ratsa da zurfinsa, alƙaluman gwajin jan ruwa, da sakamakon gwajin sinadarai daga ɗakin binciken da gari ya zaɓa da kansa. A ajiye kwafin waɗannan takardu a wuri fiye da ɗaya, kuma ramin da bai ba da ruwa ba a cike shi a liƙe, kada ya zama hanyar da ƙazanta za ta bi ta isa ga ruwan da ake sha.